Fitila da Fasinja a Jirgin Taubashina

Maraɗi ba ta da jirgin ƙasa. Tun ina rarrafe ake cewa yana tafe, ga shi yau furfura ta cinye mini gemu, ko hayaƙinsa ban shaƙa ba. Jirgi ɗaya tak na sani da ya taɓa tsayawa a garin nan, bisa teburin wani shagon gyaran rediyo a Sabon Gari, kuma ni na kashe shi da bakina.

Mai shagon taubashina ne, ɗan gwaggota. Ubana da uwarsa ciki ɗaya suka fito. Wanda ya san taubasantaka ya san abin da nake nufi: ina da izinin in zage shi a gaban surukansa, in fizge masa hula tsakiyar kasuwa, in ce bawana ne na gado, kuma ba shi da damar yin fushi. Ni kuwa Allah ya yi ni da baki. Ina noman zogale da albasa a Jiratawa, amma babbar sana'ata labari. In na ga kunama a gona, kafin in iso fadarmu ta shan shayi ta zama kada. Na taɓa rantsewa cewa albasata guda ɗaya ta karya wa amalanke ƙafa. Shekara talatin ina yi, ba wanda ya taɓa yarda da ni ko sau ɗaya, kuma hakan ya yi wa kowa daɗi, har da ni.

Shi kuwa sai ka wuni da shi ba ka ji kalma goma ba. Yana saurayi ya tafi neman kuɗi kudu, ya hau jirgin ƙasa daga Kano har Ikko, sau ɗaya a rayuwarsa. Kuɗin bai samo ba, amma jirgin ya biyo shi gida ya zauna masa a ka. Da salula ta shigo mutane suka rage kawo rediyo, sai ya sami lokaci. Ya riƙa tara gwangwanin madara da na tumatir, yana yankawa, yana daddaɓewa, yana liƙewa da dalma. A hankali ya fitar da kan jirgi da tarago huɗu, kowanne tsawon kamu guda. Tagogi na robar kwalbar ruwa, ƙafafu na murfin lemo, dogo na ƙarfen tsohuwar laima. Ba ya tafiya. Yana nan tsaye tsakanin matattun rediyoyi, kamar shi ma gyara aka kawo shi.

Wata rana na shigo da hantsi na tarar yana ɓalle rufin tarago, rufin da ya yi wata biyu yana liƙewa.

"Bawana, haukan ya ƙaraso ke nan?"

"Duhu ne ciki," in ji shi. "Kuma ba kowa. Wanda na hau, in magariba ta yi sai a kunna wuta, ka ga mutanen ƙauye tsaye bakin dogo suna kallonmu muna cin abinci. Wanga akwati ne kawai."

"To ka aje mini kujerar gaba, da fanka."

"Kai ba ka shiga. Tumbinka sai taragon shanu."

Sa wutar ya ba shi wuya fiye da ƙera jirgin. Ya bi bola yana tsintar matattun tocila, yana ciro ƙananan ƙwayayen nan na ciki, masu kamar ƙwayar wake. Na farko da ya sa, haske ya fito fari fat, ya huda ta kowace kafa ta gwangwani, tarago ya koma ɗakin tiyata. Bai so ba. Ya ce na jirgin gaske ja-ja ne, kamar ruwan shayi na biyu. Ya gwada fenti, fenti ya toshe hasken. Ya gwada ledar alawa, fasinja ko babu, ciki ya yi kamar an yanka rago. A ƙarshe ya jiƙa farar takarda cikin shayin kansa, ya shanya, ya naɗe kowane ƙwai da ita. Ya shafe cikin rufi da baƙin fenti don kada haske ya tsere, ya bi da siririyar wayar caja ta ƙarƙashi, ƙwai uku-uku a kowane tarago. Batirin tsohuwar salula kuwa ya ɓoye shi a wani ɗan lungu da ya ce ban-ɗaki ne. In zai nuna maka, sai ya ja ƙofar shago ya rufe da rana tsaka, ya toshe kafar ƙasa da buhu, sannan ya haɗa waya biyu. Ranar da ya fara nuna mini, na yi shiru har sai da ya tambaye ni ko lafiya.

Fasinjoji ni na kawo musu jiki. Na ɗauro masa karan dawa daga Jiratawa, ya riƙa ɓarewa yana sassaƙa farin cikin nan mai laushi da reza. Na farko sun yi tsawo, kawunansu na dukan rufi, sai ya gane a yanke musu ƙafa daga gwiwa, tunda ba mai ganin abin da ke ƙasan taga. Telan da ke maƙwabtaka da shi ya riƙa ba shi guntayen ƙyalle. Kafin taubashina ya fara ma sai da ya je ya tambayi limamin unguwa, liman ya ce ya bar fuska. Don haka ba ido, ba hanci, ba baki. Amma mutumin nan mai shiru ashe shekara da shekaru kallonmu yake. Da karkacewar hula da ranƙwafawar baya kawai sai ka gane mutum. Ga tsohon wanzamin unguwa, haɓa bisa ƙirji yana gyangyaɗi. Ga tsohuwa mai fura da ɗan faifanta a cinya. Ga tela da zaren awo a wuya. Ga ƙanen tela, ɗan kabu-kabu, tsaye bakin ƙofar tarago, don ba wanda ya taɓa ganinsa zaune in ba bisa babur ba.

Unguwa ta ɗauka. Shagon da ƙuda ma ya daina shiga ya fi tasha cika ranar kasuwa. Dattijai masu jikoki suna rigima a kan kujerar taga. Wani ya zo ya yi ƙorafi an zaunar da shi kusa da surukinsa, wai ko a jirgin gwangwani ba ya iya sakewa. Wata biyu ko uku taubashina ya yi yana dariya har ana ganin giɓinsa, giɓin da ni kaina na manta yana da shi.

Sai damina ta sauka. Wanzami ya rasu, mutumin da ya tsufa har ya gaji da tsufa. Bayan mako uku zazzaɓi ya ɗauki mai fura. Ranar sadakar ukunta muna zaune bisa tabarmi a ƙofar gida, an yi addu'a an shafa, aka yi shiru. Ni kuwa shiru ƙaiƙayi yake mini. Na duba na ga taubashina, mutum uku tsakanina da shi, sai na gyara murya.

"Ku dai ku yi hankali da bawan nan nawa. Tasha ya buɗe. Duk wanda ya yanka wa biye, tikitin jirgin nan nasa, to tafiya ce ba dawowa. Tarago na farko, kujera ta ɗaya da ta biyu, a jere! Ni da idona na ga ƙwan da ke saman tsohuwar nan ya mutu ran Talata, ran Alhamis ta bi shi."

Ga gaskiyar abin da na gani. Ƙwai ɗaya ya taɓa ƙyaftawa, a tarago na uku, saboda dalma ta saki, kuma ina tsaye ya gyara shi. Wanzami da mai fura ko tarago ɗaya ba su haɗa ba.

Wasu suka yi dariya cikin hannun riga. Wani dattijo ya ce, "A'uzubillahi, kai ko a wurin makoki?" Taubashina ya dube ni ya yi ɗan murmushin da ya zama dole. Da wani ne ya faɗi wannan magana, da ya miƙe a wurin ya ce su haɗu gaban mai unguwa. Ni ba ya iyawa. Wanda ya yi fushi da wasan taubashi shi ake yi wa dariya har ya mutu. To ya yi shiru, mutane kuma suka ga ya yi shiru. Tela bai yi dariya ba, na lura da wannan, amma na ɗauka cikinsa ke ciwo.

Bayan mako guda wata mata da ke sarin zogale a wurina a Jiratawa ta ba ni labarina. Wai a Sabon Gari akwai wani mai jirgi da ke tafiya da kansa, in za a yi mutuwa sai a ji ya yi kuka. Ya kamata jikina ya yi sanyi. Maimakon haka sai na ji daɗi irin na wanda ɗansa ya dawo daga tafiya da ƙiba. Na ce mata ai har hayaƙi yake yi. Wannan ita ce maganar da har yau in na tuna nake aje lomar da ke hannuna.

Kwana goma sha da haka, ƙanen tela ya yi karo da babbar mota a hanyar Tibiri. A nan take ya cika. Ya bar mata da goyo.

Daga ranar ba wanda ya sake dariya. Sai mutane suka tuna da uban taubashina, wanda ya shekara ashirin a kabari. Daga wani ƙauye bayan Tibiri ya fito, cikin Arna masu riƙe da bautar kakanninsu. Manoman gero ne, ban taɓa jin sun cuci kowa ba. Shi kuma ya musulunta tun kafin ya auri gwaggota, ya mutu da tabon salla a goshi. Shekara arba'in ba wanda ya ɗaga maganar nan a unguwa. Yanzu ko yarinya mai tallan gyaɗa ta san sunan ƙauyen.

Ina shagon ranar da tela ya shigo bayan la'asar, da mutum huɗu a bayansa. Bai yi sallama ba. Mutumin da suka shekara goma sha biyar suna shan fura a kwano ɗaya.

"Fidda ni."

"Maƙwabci, zauna mu..."

"Ban zo zama ba. Fidda ni daga abin ga."

Taubashina ya ɗaga rufin tarago, ya ɗauki hantsaki. Matsalar ita ce ya liƙe fasinjojin da gam mai ƙarfi, don kada su faɗi in an girgiza tebur. Ya kama telan kara a kafaɗa ya ja a hankali. Bai motsa ba. Ya sa reza ta ƙasa. Ya sake ja. Sai kai ya biyo hantsaki da ɗan zaren awon, gangar jiki ta zauna daram bisa kujera.

Tela ya miƙa tafin hannu, aka aza masa kansa. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya juya ga mutanen da ya zo da su.

"Kun gani?"

Na buɗe baki zan ce wani abu mai ban dariya, don ita kaɗai ce sana'ar da na iya a irin wannan wuri. Kafin in samo, sun fice.

Kafin Juma'a taragai huɗu sun zama kango. Kowa ya zo ya karɓi kansa, wani guda, wani gutsuttsure a takarda. Kujeru suka rage da kututturen mutane manne a jiki. Masu rediyo suka kwashe kayansu ba a gyara ba. A masallaci sahu ya riƙa barin taki guda dama da hagun taubashina, liman ya yi ta cewa a matso, ana matsawa ta wancan gefen. Matarsa ta aika da tuwo gidan suna, aka dawo da kwanon a rufe yadda ya tafi.

Sai na ce bari in gyara abin da na ɓata. Na je fada da yamma, lokacin da ta cika, na tsaya tsaye, na ce duk maganar nan ni na ƙirƙira, ba ƙwan da ya mutu, ba komai. Na rantse da duk abin da na sani.

"Kai da ka ce da idonka ka gani?" in ji wani.

"Haba jama'a! Ku da kanku kun san ni maƙaryaci ne!"

"Mun sani. Shi ya sa ba mu yarda da wagga ba. Jininka ne, dole ka rufa mishi asiri. Waccan ranar ce gaskiya ta kuɓuce maka."

Na yi ta zagaye mako biyu, fada zuwa fada, ƙofa zuwa ƙofa. Duk inda na je na fito, sai in bar maganar ta fi yadda na same ta ƙarfi. Mutane suna cewa, in ba komai, mi ya hana shi zama?

Sai dabara ta zo mini, irin dabarata. Na je shago na ce, "Bawana, sa ni ciki. Tarago na farko, bakin taga, daidai ƙarƙashin fitila. A bar ƙofa buɗe kowa ya gani. In na kai baɗi ina cin tuwo, sai mu ga bakin da zai sake magana."

Ya ɗago kai daga aikinsa.

"Ka tabbata?"

"Ni? Ni da na taɓa kwana cikin ramin kura don sanyi?"

Ya sassaƙa ni a gaban shaidu. Ya zaɓi kara mafi kauri, ya ƙara mini auduga a ciki, ya karkatar da kai baya kamar mai ƙyalƙyala dariya. Ko ba fuska, yaro ma ya san ni ne. Ya zaunar da ni, ya haɗa waya, haske ya sauko mini a hula. Na fita ina bugun ƙirji, ina cewa a gaida na lahira ina tafe da tsaraba. Amma tunda yau gaskiya nake faɗi, to gabana ya faɗi. Ƙaryar da ni na ƙera da hannuna, ga ni ina tsoronta.

Kwana tara, zazzaɓi ya kayar da ni. Ba wani abin mamaki: ƙarshen damina ne, sauron Jiratawa kuwa kowanne ya kai zabo, rabin unguwa na kwance. An kai ni asibiti an ba ni magani. Amma a rana ta uku jikina ya yi zafi har na fara sambatu, matata ta zura hijabi ta fita ba ta gaya wa kowa ba. Daga baya aka ba ni labari, kuma mutum goma suka ba ni shi iri ɗaya. Ta je ƙofar shago da hantsi, titi cike, ta durƙusa a ƙasa tana kuka.

"Don Allah, don zumunci, ka fidda mini shi. Ƴaƴanmu ƙanana ne. In wani abu ya yi maka, ni ka yafe mini."

Matar da shi ya raka ni neman aurenta. Ya ɗaga rufi ya ɗauko ni da yatsa biyu, guda cur, don ni bai sa mini gam ba, ya aza mata a hannu. Washegari maganin asibiti ya yi aikinsa, zazzaɓi ya sauka, na tashi na nemi koko da ƙosai. Duk Sabon Gari ta shaida: an fidda shi, ya tashi.

Ban yi wa matata faɗa ba. Da wane baki?

Wata bai cika ba wanda ya ba shi hayar shagon ya aiko a ce yana son wurinsa, wai zai yi gyara. Mai gidan da suke haya shi ma ya tuna yana da ƙane da zai yi aure. Taubashina ya sami ɗaki can ƙarshen unguwar Zariya, nan cikin Maraɗi, wajen da gidaje ke fara rabuwa da juna, a gidan babban ɗansa. An haife shi a Sabon Gari, ya shekara hamsin da ɗoriya bai taɓa kwana wata unguwa ba in dai yana gari.

Ranar tashi na zo da sassafe. Mai amalanke ya loda gado, tukwane, tebur, buhun wayoyi. Da aka zo kan kwalin da jirgi ke ciki sai ya ja da baya, ya ce jakinsa ya gaji. Na ce a ɗora mini. Ba shi da nauyi ko kaɗan, gwangwani ne da iska, amma na ɗauke shi a ka tun daga Sabon Gari har Zariya a ƙasa, rana na duka. Mutane suna darewa. Mata suna janye ƴaƴansu. Ba wanda ya ce a sauka lafiya, sai liman, shi ma daga nesa ya ɗaga hannu. Tela yana cikin shagonsa, keken ɗinki na ta ƙara, bai ɗago ba.

A hanya na matso kusa da shi. Na shirya magana mai tsawo tun jiya, amma abin da ya fito kaɗan ne.

"Ɗan gwaggo, na cuce ka."

"Ai wasa ka yi," in ji shi, idonsa na kan ƙafar amalanke. "Wa ya taɓa kai ƙarar taubashi?"

Da ma ya mare ni.

Muka isa wajen azahar. A ƙofar gidan da ke jikin na ɗansa akwai wani dattijo zaune bisa tabarma, da ƴar rediyo a gefensa tana shaƙewa. Ya miƙe da fara'a, ya yi mana barka da zuwa, ya sa yaron gidansa ya kawo ruwa a moɗa. Taubashina ya sha, har ya ce rediyon nan in an ba shi minti biyar za ta washe. Dattijo ya ce ai Allah ne ya kawo shi. Na ce a raina, ko a nan za a zauna lafiya.

Sai na sunkuya zan sauke kwali, gefensa ya buɗe, hancin tarago ya leƙo. Dattijon ya dubi tarago, ya dubi buhun wayoyi a amalanke. Ya matso kusa da ni ya rage murya.

"Malam, ba dai shi ne mai jirgin nan na Sabon Gari ba?"

Taubashina ya ji. Ya miƙa wa yaron gidan moɗa, ya goge baki da bayan hannu.

"Ba shi labari," ya ce da ni. "Kai ka iya."

Na ba shi. A tsaye, cikin rana, tun daga karan dawa har zazzaɓina. Ban ƙara ko gishiri ba. Na ce tsoho ya mutu don ya tsufa, tsohuwa don zazzaɓi, saurayi don mota, ni kuma na yi ƙarya a wurin makoki don ba na son shiru. Labarin ya fito gajere, busasshe, ba daɗi. Ni kaina da wani ke ba ni shi da na yi hamma.

Dattijon ya saurara har ƙarshe, yana gyaɗa kai.

"Allah ya kyauta," ya ce.

Ya duƙa ya ɗauki rediyonsa, ya naɗe tabarma ya sa a hamata, ya kira yaron da moɗa suka shige ciki. Muka ji an ja ƙofa. Mai amalanke ya ce mu yi sauri, yana da wani aikin. Taubashina ya kama gado ta kai, na kama ta ƙafa, muka shiga da shi.